Ƙa'idodin Sanya Wayar Lantarki Cikin Gidaje Da Shaguna

Muna gaida malamai da ɗalibai na cibiyoyin yaƙi da jahilci waɗanda sunka taru kewaye da rediyo kamar yadda anka saba. Ku gyara zama, ku fiddo littafi da alƙalami, don akwai lambobi cikin maganar yau, kuma lamba ba ta zama cikin kai sai an rubuta.

Jawabinmu na yau ya shafi wutar lantarki, wadda muke ce ma kuran. Da mutane uku muke magana: ɗan kwangila mai karɓar aikin sanya waya, yaron da ke koyon sana'a ƙarƙashinshi, da mai gida ko mai shago wanda ke biyan kuɗɗin aiki.

Lantarki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1968 anka kafa kamfanin NIGELEC. A 1976 anka jawo babban layi daga Birnin Kabi zuwa Yamai, shina kawo wutar madatsar Kainji. A 1981 SONICHAR ta fara ba da wuta daga gawayin ƙasa na Anu-Araran. A 1994 layin Katsina zuwa Gazawa ya haɗa Maraɗi da Damagaram, a 2018 kuma anka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza. A 2016, ran 17 ga Mayu, anka kafa doka mai lamba 2016-05 kan sha'anin lantarki. Duk wanga aiki na hukuma ne da kamfani. Amma aikin kamfani ya tsaya ga kontar da babban dizontar da ke kusa da ita. Daga nan zuwa ƙuryar ɗaki, amana tana wuyan ɗan kwangila.

To, mine ne ke nuna aiki ya yi kyau? A wurinmu, da zarar an danna makunni ampul ya kama, sai mai gida ya yi murna, ya biya, a yi sallama. Wanga awo bai isa ba. Ampul shina kamawa ko da waya ta yi ƙanƙanta, ko da an haɗa ta a murɗe, ko da babu wayar ƙasa. Aibin aikin lantarki shina ɓoye ne bayan shafen siminti, kuma ba ya fitowa ran da anka ƙare aiki. Shina jiran shekara biyu ko biyar, shina jiran zafin bazara, shina jiran daren da kowa ya yi barci. Magini in ya yi kure, ido na ganin bango ya karkace. Mai lantarki in ya yi kure, ba mai gani sai hayaƙi ya tashi.

Mutanen Yamai sun san abin da wuta ke yi ma dukiya. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012. Ba kowace gobara ce lantarki ke haddasawa ba, amma wadda yake haddasawa ita ce mafi sauƙin tarewa, don an san hanyoyinta, an kuma rubuta maganinta. Wanga rubutu shi ne ƙa'ida. A ƙasashe da yawa masu aiki da Faransanci, wadda ake koyarwa cikin makarantun sana'a ita ce NF C 15-100. Daga cikinta za mu tsakuro abubuwan da bai kamata ɗan kwangila ya jahilta ba.

Na ɗaya: kaurin waya da lissafin kaya

Waya kamar tiyon ruwa take. Siririn tiyo ba ya ɗaukar ruwan babban famfo. Bambancin shi ne, tiyo in ya gaza sai ruwa ya rage, waya kuwa in ta gaza sai ta yi zafi, robarta ta narke.

Ku rubuta kalmomi uku. Bolt shi ne ƙarfin turawar wuta; cikin gidajenmu bolt 220 ne. Amper shi ne yawan wutar da ke gudu cikin waya. Wat shi ne cin kowane kaya, kuma ana rubuta shi jikin kayan, da harafin W. In kana son sanin amper, sai ka raba wat da bolt.

Ga misali. A ce shago na da dutsen guga mai wat 1200, da ƙarfen dafa ruwa mai wat 1500, da firigo mai wat 150, da fanka mai wat 70. In an tara, wat 2920 ke nan. A raba da 220, ya ba da amper 13 da ɗan ɗoriya. To, siririyar wayar nan ta jawo wuta da ake saidawa bakin kasuwa, mai kauri 0,75, amper 6 ne iyakarta. In an jona waɗanga kaya huɗu gare ta, an ɗora mata fiye da ninki biyu. Ku lura da kyau: in amper ya ninka sau biyu, zafin waya sau huɗu yake ninkawa, in ya ninka sau uku, zafi sau tara. Shi ya sa ƙari kaɗan ke jawo ɓarna babba.

Ga abin da ƙa'ida ta tsara. Layin fitilu: waya mai kauri 1,5, wato ɗaya da rabi, da dizontar da bai wuce amper 16 ba, fitilu kada su wuce 8 ga layi guda. Layin piriz: waya mai kauri 2,5, da dizontar da bai wuce amper 20 ba, piriz kada su wuce 12. Murhun lantarki: waya mai kauri 6, da dizontar na amper 32. Kaya masu ci da yawa, kamar na'urar sanyaya ɗaki da tankin dafa ruwa, kowane da layinshi shi kaɗai tun daga allon rarraba wuta.

Dizontar mai gadin waya ne. In ya yawaita faɗuwa, faɗa maka yake an yi ma layi yawa, ko akwai ciwo wani wuri. Wanda ya cire na amper 16 ya sa na amper 32 don a huta da faɗuwa, ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa buɗe. Haka wanda ya ɗaure tsohon fis da guntun waya ko ƙusa.

Akwai wani abu da ya shafi ƙasarmu musamman. Waɗannan lambobi na littafi an auna su ne ga zafin iska na digiri 30. Mu kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafi na kai digiri 45 cikin inuwa, ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka. Waya mai rigar roba, a digiri 45, kashi 79 cikin 100 na ƙarfinta kawai take ɗauka. A digiri 50, kashi 71. Wayar 2,5 cikin tiyo, wadda ke ɗaukar wajen amper 24 a digiri 30, ta koma wajen amper 17 a digiri 50. Ka ga dizontar na amper 20 bai tsare ta ba ke nan. Saboda haka, inda layi zai bi ƙarƙashin kwano, ko dai a ƙara kaurin waya, ko a rage dizontar zuwa 16, ko a sauya ma layi hanya ya nisanci kwano. Ɗan kwangilar da ya san wanga ya fi wanda ya haddace littafi bai dubi rana ba.

Na biyu: ingancin wayar kanta

Ba duk abin da ke ja ba ne jan ƙarfe. Akwai waya cikin kasuwanni wadda cikinta sanholo ne, an shafa mata jan ƙarfe a bisa. Sanholo ba ya kai wuta kamar jan ƙarfe. Kashi 61 cikin 100 kawai yake kaiwa, kuma shina karyewa wurin ɗauri. Gane ta ba wuya. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta ya fito fari, ba jan ƙarfe ba ce. Ka ɗaga ƙunshin: ta sanholo ta fi sauƙi ga hannu. Ka karanta rubutun da ke jikin robar, ka gwada kaurin da anka rubuta da wanda idonka ke gani. Araha ba ta ado, kuma rarar jikka biyu ko uku ga ƙunshin waya ba ta biyan rufin ɗaki guda.

Na uku: launi, hanya da haɗi

Launin waya magana ce tsakanin ma'aikacin yau da na gobe. Mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, kuma ba a ba ta wani aiki daban har abada. Shuɗiya ita ce wayar komawa, wadda ƴan sana'a ke ce ma nitir. Ja, ko baƙa, ko ruwan ƙasa, ita ce mai ɗauke da wuta, wato faz. Wanda ya yi aikin gida duka da launi guda don shi ne ya rage mishi, ya haƙa ma ɗan'uwanshi rami.

Makunni faz yake yankewa. In an sa shi ga nitir, fitila za ta mutu, amma wuta na nan bakin ampul tana jiran wanda ya zo sauya shi.

Cikin bango, waya tana bin tiyo, ba a turbuɗe ta tsirara cikin siminti ko laka. Tiyo kuma shina tafiya a miƙe, ko tsaye ko kwance, ba a karkace ba, don wanda zai kafa ƙusa gobe ya iya sanin inda waya ta bi. Duk haɗi shina cikin akwati mai murfi, an matse shi da domino ko mahaɗi na kirki. Haɗin murɗe da naɗin salatif cikin bango ko bisa rufi, nan ne gobara ta fi son farawa: haɗi ya saki, ya yi zafi, ya yi tartsatsi, ga ƙurar hunturu ta taru, ga itace busasshe, ga zana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na huɗu: wayar ƙasa da difaransiyal

Duk abin da munka faɗa ya zuwa yanzu don tsare gida ne daga gobara. Wanga na huɗu don tsare rai ne, kuma shi anka fi yin sakaci da shi.

Amper guda in an raba shi dubu, kowane kashi shi ne miliamper. Miliamper 1 ga jikin mutum, zai ji ɗan tsikari. Wajen miliamper 10, hannu ya damƙe, ba ya iya saki. Wajen miliamper 30, numfashi na iya tsayawa. Gaba da haka kaɗan, zuciya ta rikice. Mutum mai jiƙaƙƙen jiki, tsaye ba takalmi, in ya taɓa bolt 220, abin da ke ratsa shi na iya kai miliamper 220. To, dizontar na amper 16, sai wuta ta wuce miliamper dubu 16 yake motsawa. Mutum zai mutu dizontar bai san an yi ba.

Maganin wanga abu biyu ne, kuma tare suke aiki. Na farko wayar ƙasa. Ana kafa sandar ƙarfe cikin ƙasa, zurfin mita 2, a ɗaure ta da jan ƙarfe mai kauri, a kai ta allon rarraba wuta, daga nan ta bi kowane layi har ƙafa ta uku ta kowane piriz. In robar waya ta ɓare cikin firigo ko injin niƙa, wuta ta taɓa jikin ƙarfen, sai ta bi wagga hanya ta shige ƙasa maimakon ta bi jikin matar gida. Na biyu difaransiyal, mai rubutu 30 mA a goshinshi. Shi awo yake yi: wutar da ta fita ta faz, ita ce ya kamata ta komo ta nitir. In an samu giɓi, ya san wuta ta ɓalle wani wuri, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido.

Sandar ƙasa ana auna ta da na'ura, ba a cewa "na kafa, ya isa". Inda babban dizontar na kamfani ke da 500 mA, awon ƙasa kada ya wuce om 100. Ƙasarmu ta yashi ce, kuma busasshen yashi ba ya karɓar wuta da kyau. Sandar da ta ba da awo mai kyau cikin Agusta na iya gazawa cikin Maris. Don haka a auna da rani. A zaɓi wurin da ke riƙe danshi. In sanda guda ba ta isa ba, a ƙara ta biyu da ta uku, a ba su tazara, a haɗa su. Ba a ɗaura wayar ƙasa ga tiyon famfo.

Difaransiyal na da ɗan maɓalli mai harafin T. Mai gida, ka danna shi sau ɗaya kowane wata. In wuta ta yanke, shina da rai. In ba ta yanke ba, ka kira ma'aikaci ran nan.

A makewayi da wurin wanka, piriz ba ya kusantar inda ruwa ke zuba. Aƙalla santimita 60 tsakani. Fitila da piriz na tsakar gida su zama masu murfi, waɗanda ruwan damina ba ya shiga. A ɗakunan da ɗiya ke rarrafe, a sa piriz masu ƙyaure a ciki, waɗanda ƙusa ko tsinke ba ya shiga.

Na biyar: gurup da hasken rana

Gidaje da shaguna da yawa na da injin ba da wuta, wato gurup. Kada a jona shi ta bakin piriz. Dole a sa makunni mai juyawa tsakanin gurup da layin kamfani, yadda in ɗaya ya shiga, ɗaya ya fita. In ba haka ba, wutar gurup za ta koma kan layin titi, taransifoma ya ɗaga ta zuwa dubban bolt, alhali ma'aikacin kamfani na bisa turke shina zaton layi a mace yake. Gurup kuma waje ake aje shi, nesa da taga. Hayaƙinshi na da guba marar wari, tana kashe mutane cikin barci. Masu faifan hasken rana su ma su tuna: batir na iya narka waya nan take in faɗa ya auku, don haka fis shina nan dab da batir.

Na shida: ran ma'aikaci

Ɗan kwangila, yaran da iyaye sunka ba ka amana ne. Kafin hannu ya taɓa waya, a yanke wuta daga allo. A kulle, ko a ɗaura takarda mai rubutu cewa ana aiki, makulli na aljihun mai aikin. A tabbata layin da anka yanke shi ne wanda za a taɓa. A gwada da na'ura a ga babu wuta, a kuma gwada na'urar kanta wurin da ke da wuta kafin da bayan haka. Turnabis mai ɗan ƙwai a ciki shina yaudara, kada a ba shi rai. An ɗauke wuta a gari ba dalilin fara aiki ba ne, don wanda ya ɗauke ba zai yi maka sallama ba in zai maido. Takalmin roba, kayan aiki masu riga, busasshen hannu, babu zobe babu agogon ƙarfe. Tsanin ƙarfe ba ya kusantar wayar titi. Yaron da ya ga maigidanshi na gwada wuta da bayan yatsa, haka zai yi, kuma wata rana sa'a ba za ta zo ba.

Na bakwai: takarda

In aiki ya ƙare, a gwada kowane layi gaban mai gida. A rubuta jikin allo: wanga na fitilu ne, wanga na piriz, wanga na ɗakin girki. A zana hanyar waya bisa takarda, a ba mai gida, ya aje tare da takardun fili. Kuma tun kafin a fara, a rubuta ƙiyasin kuɗɗi dalla-dalla: kaurin waya, yawanta, lambar kowane dizontar, difaransiyal, sandar ƙasa.

Mai gida, a nan karatunka zai amfane ka. In ƴan kwangila biyu sun kawo maka takarda, ɗaya ta fi araha, kada ka dubi jimla kawai. Ka bi layi-layi ka ga mi anka cire. Sau da yawa abin da anka cire shi ne sandar ƙasa da difaransiyal, wato an rage maka kuɗɗi da ran iyalinka. Kai kuma ɗan kwangila, in mai gida ya matsa a cire su, ka yi mishi bayani da haƙuri. In ya ƙi, gara aiki ya wuce ka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi mishi aski. Ran da abu ya faru, sunanka za a tambaya, ba sunan mai saida waya ba. Haka nan jona wuta ta bayan kontar, ko miƙa ma maƙwabci siririyar waya ta bisa katanga: laifi ne gaban doka, kuma layi ne da ba shi da mai gadi.

In hatsari ya auku

In kun ga wuta ta kama mutum, kada ku taɓa shi da hannu. A ruga a yanke babban dizontar. In ba hali, a ture wayar ko mutumin da busasshen icce, mai turawa na tsaye bisa busasshen wuri. Wayar titi da ta faɗo kuwa ba a kusantarta ko da icce. A kori jama'a nesa, a sanar da kamfani. Wanda wuta ta buga a kai shi likita ko da ya ce ya warware, don ciwon na iya zama cikin zuciya. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an yanke wuta. Yashi muke da shi a ƙofar kowa. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18.

Malamai na cibiyoyi, ga aikin mako. Kowane ɗalibi ya duba kaya uku na lantarki, a gida ko a shagon maƙwabci, ya kwafo lambar da ke kusa da harafin W. A tara su cikin aji, a raba da 220, a ga amper nawa ya fito, kuma wace waya ce za ta ɗauke shi. Wanda ke da kontar a gida ya duba allonshi, ya gani ko akwai abin da anka rubuta ma 30 mA. Ku aiko muna da amsoshinku da tambayoyinku ta hannun malamanku, za mu karanta su cikin shiri mai zuwa.

Allah shi tsare mu da gobara, shi tsare ɗiyanmu, shi sa albarka ga sana'ar kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.